Baƙon Ma'aikaci da Haƙƙin Masauki: Daga Kusugu Zuwa Layin Dogo

Mu da muka tashi a Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure, bakin iyaka da Nijar, mun saba ganin baƙo. Wani fatauci ya kawo shi, wani kuma aiki ne aka turo shi. Yau za mu duba baƙon da kamfani ke ɗaukowa daga wata ƙasa ya sauke a cikinmu, da abin da gari ke bin sa.

Tarihin baka na Daura ma da baƙo ya fara. An ce Bayajida ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda maciji. Ya je ya kashe macijin. Ko da wani bai ɗauki labarin a matsayin tabbataccen tarihi ba, akwai abin lura a cikinsa: baƙon ya gane matsalar gari ne don ya kwana a gidan 'yar gari.

Zamanin Turawa ya juya wannan tsari. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni irin su John Holt da Niger Company suka turo ma'aikatansu. Akawuna da ma'aikatan jirgi da suka zo daga kudu aka zaunar da su a Sabon Gari, wajen ganuwa. Turawa kuwa unguwarsu daban, kuma ƙa'idar zamanin Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 tsakaninta da gidajen 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro. Baƙon da ke bayan irin wannan fili bai san ranar da rijiyar unguwa ta ƙafe ba. Abin da zai sani game da gari sai ta bakin dillali, kuma ta wannan ƙofa ce irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayen gyaɗa wa kamfanonin.

Bayan shekara ɗari sai ga jirgin ƙasa ya sake kawo mana baƙi. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya gina layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ya ɗauki nauyin gina Jami'ar Sufuri a Daura, a matsayin gudummawarsa ga ƙasar da yake cin riba a cikinta. Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta ranar 2 ga Disamba, 2019, kan kuɗi dala miliyan 50. Wasu sun ce an kawo ta nan ne don mahaifar shugaban ƙasa ce, kuma wannan muhawara ma tarihi ce da ya kamata mu rubuta. A Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin gina layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal.

Jami'a ta fi dalar gyaɗa, domin idan injiniyan waje ya koma gida, tana iya bar mana wanda zai gaje shi. Amma gini kaɗai ba ya nuna yadda baƙo ya zauna da mutane. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa za ta bushe, kabar ce za ta ba da labari.

Nan aikinmu yake. Takardun kamfani za su adana tsawon layi da yawan kuɗi. Ba za su adana labarin manomin da layi ya ratsa gonarsa ba, ko mai tuwo a ƙofar sansanin ma'aikata, ko matashin da ya shiga lebura ya fito da sana'ar walda. Na zamanin gyaɗa yawancinsu sun tafi da labarinsu. Waɗannan suna nan da rai. Mu je mu tambaye su: wa ya koya maka aiki? Diyya ta iso? Baƙon ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa? Mu rubuta da kwanan wata da sunan gari.

Sai mako mai zuwa.