Enzayim tara a tukunya ɗaya

A shekarar 1897 wani Bajamushe mai suna Eduard Buchner ya niƙe yis da yashi, ya matse shi har ya sami ruwan da babu ƙwayar halitta mai rai a cikinsa. Da ya zuba sukari sai ruwan ya fara kumfa, sukarin ya koma barasa da iskar kabon. Mu da muke haɗa sinadarai da enzayim daga nan muke ƙirga asalinmu. Buchner ya zaci abu ɗaya ne ya yi aikin. Ashe enzayim 12 ne suke jerin gwano, kowanne ya karɓi abin da na gabansa ya gama, ya taɓa shi, ya miƙa wa na baya.

Enzayim furotin ne da ke hanzarta sauyin sinadari ba tare da shi ya ƙare ba. Mai kunun zaƙi ta san aikinsa: idan ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da dankali ko tsiron hatsi a kan dafaffen, kaurin ya saki, zaƙi ya fito, enzayim ne ya yayyanka sitaci ya mai da shi sukari.

A 1906, a Landan, Arthur Harden da William Young suka tace ruwan yis ɗin nan suka raba shi biyu. Kowane kashi shi kaɗai ba ya komai, sai an sake haɗa su. Kashin da ya ratsa matata ƙaramin sinadari ne da ko tafasa ba ta kashe shi, wanda daga baya aka sani da NAD. Wannan ɗan rakiya, da ɗan'uwansa ATP, su suka tsaya wa sana'armu a wuya fiye da shekara saba'in. Enzayim da yawa ba sa motsi sai da su, kuma kowane zagaye na aiki yana cinye guda. A cikin ƙwayar halitta ana sabunta su ba dare ba rana. A cikin kwalba kuwa sai ka saya, kuma kuɗinsu ya fi na abin da kake son haɗawa nesa ba kusa ba.

Maria-Regina Kula da Christian Wandrey ne suka kwance wannan ƙulli a Jamus, kuma a ganina ba a yaba musu yadda ya kamata. Kula ta ciro wani enzayim daga yis ɗin da ke rayuwa a kan metanol. Abincinsa fomet, gishiri mai araha, kuma duk lokacin da ya ci sai ya mayar da NAD ɗin da aka yi amfani da shi sabo. Abin da ya rage iskar kabon ce, ta tashi ta bar tukunyar, don haka aikin ba shi da hanyar komawa baya. Wandrey ya gina tukunya mai matata wadda ke tsare enzayim a ciki, ta bar abin da aka haɗa ya fita. Sun wallafa wannan a 1981. Da shi kamfanin Degussa ya riƙa samar da wani amino asid da ke shiga cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. A 2002 Kula da Martina Pohl, wadda ta ƙara wa enzayim ɗin ƙarko, suka karɓi lambar yabo ta shugaban ƙasar Jamus. A Amurka George Whitesides da Chi-Huey Wong sun yi wa ATP irin wannan dabara.

Duk da haka haɗa enzayim uku ko huɗu wuri guda ya ci gaba da zama wahala. Wanda bai tsaya a gaban kwalbar ba zai yi wuya ya gane. Wannan yana son ruwa mai tsami, wancan tsami ke kashe shi. Abin da na uku ya samar yana toshe na farko. Wani sai da iska yake aiki, amma idan ka hura iskar da ƙarfi kumfa ta taso, furotin ya lalace a bakin kumfar. Ka bar kwalba tana juyawa da dare ruwanta garau, da safe ka tarar da farin gudaji ya kwanta a ƙasa. Sun mutu ke nan, kuma ba ka san wanda ya fara ba.

Mafita ta zo daga Frances Arnold. A 1993 ta nuna cewa za a iya yi wa ƙwayar gadon enzayim sauye-sauye barkatai, a gwada dubbai, a zaɓi wanda ya fi, a maimaita. Ta sami lambar Nobel a 2018. A 2010 kamfanonin Merck da Codexis suka yi wa wani enzayim sauyi 27, ya maye gurbin ƙarfen rodiyam mai tsada wajen haɗa sitagliptin, maganin ciwon sukari. Daga nan muka daina neman enzayim da za su jitu, muka koma horar da su su jitu.

Aikin da har yau nake komawa in karanta shi ne na islatravir, maganin cuta mai karya garkuwar jiki, wanda waɗannan kamfanoni biyu suka wallafa a mujallar Science a ƙarshen 2019. Akwai hanyar da ƙwayoyin bakteriya ke bi su wargaza tubalan DNA. Masu binciken suka juya ta, ta koma gini. Enzayim tara, biyar daga ciki horarru, mataki uku, duk a cikin ruwa, ba a tsayawa a ware abin da aka samu a tsakani, kuma kashi 51 cikin 100 na kayan da aka fara da su sun zama magani. Hanyoyin da aka bi kafin wannan sun haura mataki goma.

Biyar ɗin nan su ake ambata, amma ni huɗun da ba a horar ba sun fi ɗaukar hankalina. Enzayim na farko a jerin, ɗaya daga cikin horarrun, mai tagulla ne, yana fitar da haidurojin feroksaid da zai iya hallaka shi, sai aka sa masa wani yana share gubar, wani kuma yana farfaɗo da tagullar. Na uku yana sabunta ATP. Na huɗu shi ne gwanin: a matakin ƙarshe fosfet ke taruwa yana mayar da aikin baya, sai aka zuba sukarin shayi da enzayim da ke ɗaure fosfet ɗin a jikin sukari. Tunanin Kula ne ya sake dawowa bayan shekara kusan arba'in. Maganin kansa ya gamu da cikas a 2021, aka dakatar da wasu gwaje-gwajensa saboda raguwar fararen ƙwayoyin jini, sannan aka ci gaba da ƙaramin awo. Wannan bai taɓa ingancin hanyar haɗa shi ba.

A 2021 ɗin dai masana a birnin Tianjin na ƙasar Sin suka haɗa sitaci daga iskar kabon ta matakai 11, da saurin da ya ninka na masara fiye da sau takwas. Na yi murna ƙwarai, amma ba na son a gaya wa manomi cewa gona ta kusa zama tarihi. Magani kilo ɗaya yana iya biyan kuɗin enzayim tara, sitaci kilo ɗaya ba zai iya ba. Ƙwayar halitta tana ƙera sabon enzayim duk lokacin da tsoho ya gaji, tukunya ba ta yi. Shi ya sa yawancinmu yanzu muka duƙufa kan ɗaure enzayim a jikin ƙananan duwatsun roba, domin a tace su bayan an gama, a wanke, a sake zuba su a tukunya ta gaba.