Tseren Keken da Aka Raɗa wa Sunan Gyara

Maƙalar wannan mako a kan keken hawan dutse ce, mai ƙatuwar taya da giya barkatai, wanda ake shiga gargada da shi. Da yawa sun ɗauka wani babban kamfani ne ya ƙirƙiro shi. Ba haka ba ne. Daga tarin gwangwan ya fito.

A farkon shekarun 1970, a gundumar Marin da ke arewa da San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu samari sun shiga tsinto tsofaffin kekunan Schwinn ƙirar shekarun 1930 da 1940. Kekuna ne masu nauyi da faɗin taya, waɗanda kowa ya daina yayi. Sai su kwance abin da ba shi da amfani, wani ya ɗaura hannun birkin babur, wani ya ƙara giya, su nufi tsaunuka.

Ranar 21 ga Oktoban 1976 suka yi tserensu na farko kusa da garin Fairfax, a wata hanyar ƙasa da aka share domin masu kashe gobarar daji. Tsawonta bai wuce mil biyu da 'yan kai ba, amma gangarowarta ta kai ƙafa 1,300. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, ana duba agogo.

A nan sunan ya samo asali. Birkin irin waɗannan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, da mayar da feda baya ake kama shi. Kafin mutum ya kai ƙasa, cibiyar ta ɗau zafi, giris ɗin ciki ya ƙone har yana hayaƙi. Dole in an koma gida a kwance ta, a wanke, a sake cusa sabon giris. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji yana kallon bakanike na yi wa boris ɗin tayar mota wannan aiki ya san abin da nake nufi: hannu baƙi ƙirin, ga tsumma, ga sifana. Da Turanci ana ce wa sake cusa giris ɗin Repack, shi ne kuma sunan da ya bi tseren da hanyar har yau. Ni dai ban ga laƙabin da ya fi wannan gaskiya ba, don bai yabi kowa ba, wahalar kawai ya faɗa.

Da tsofaffin ƙarafan suka yi ta karyewa, Joe Breeze ya zauna a 1977 ya haɗa sabon keke musamman domin wannan hanya, ya kuma ci tsere da shi. Keken yana ajiye yanzu a gidan tarihin Smithsonian da ke Washinton. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da irinsa, Tom Ritchey na ƙera musu gangar jikin.

Mu da muke koyon rubutu, Kelly ne ya kamata mu tsaya a kansa. Shi yake shirya tseren, yana rubuta sunan kowane mahayi da lokacinsa a littafi. Saboda haka aka san Fisher ya gangaro cikin minti 4 da daƙiƙa 22. Wende Cragg kuwa, mace a cikin mazan, tana hawa tana ɗaukar hotuna. A 1980 Kelly ya fara fitar da mujallar Fat Tire Flyer. Su ma mutanen garin Crested Butte a Kolorado sun yi irin wannan hawa a lokacin, kuma tun 1955 akwai ƙungiyar masu ratsa karkara da keke a Birtaniya, amma labarin Marin ya fi tashe. A ganina, littafin Kelly da hotunan Cragg na da babban kaso a hakan.

Sauran labarin na 'yan kasuwa ne. Kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, ana ƙera shi da yawa a Japan. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta, inda Bart Brentjens ɗan ƙasar Holan da Paola Pezzo 'yar Italiya suka ɗauki zinare.