Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Bututun Likita: Tarihin Rage Ruwan Ƙwaƙwalwa da Hausawan Legas

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi tarihin wata dabara ta aikin likita, wato janye ruwan ƙwaƙwalwa domin sassauta matsi bayan jini ya tsinke a cikin kai, da yadda dabarar ta iso ƙasar Yarabawa ta tarar da Hausawan Legas da nasu tsohon ra'ayin game da jini da ciwon kai. Dalilin kawo batun gaban masana harshe shi ne, aikin ya riga sunansa isowa, kuma Hausa ba ta tsayar masa da kalma guda da kowa ya amince da ita ba.

2.0 Asalin Dabarar

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne a cikin wani ruwa garai-garai. Abin da baligi ke ɗauke da shi a kai da ƙashin baya a lokaci guda bai wuce kimanin mililita 150 ba, alhali jiki na samar da wajen 500 a kowace rana. Ke nan wajibi ne tsoho ya riƙa ficewa yayin da sabo ke shigowa. Idan jijiya mai kumburi ta fashe a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, jinin yakan gauraya da ruwan ya toshe mafitarsa, kuma kimanin mutum 1 cikin 5 na masu wannan lalura ruwan kan taru masa cikin kwanakin farko. Tun a 1783 Alexander Monro na Sikotilan ya bayyana inda haɗarin yake: ƙoƙon kan babba ba salka ba ne, ba ya buɗawa, don haka duk abin da ya ƙaru a ciki ƙwaƙwalwa zai danne.

Tunanin buɗa wa ruwan hanya ya daɗe. Abul Ƙasim Zaharawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin tsaga kan jariri don fitar da ruwa a littafinsa Al-Tasrif. A 1744 Le Cat na Faransa ya soka bututu cikin kan wani jariri, amma jaririn bai rayu ba. A 1891 Quincke na Jamus ya fito da ɗibar ruwan ta ƙashin baya da allura. Abin da ya hana ci gaba shekaru da dama shi ne ƙwayoyin cuta, domin ƙofar da ruwa ya fita ta nan su ma suke shiga. Sai a 1941 Ingraham da Campbell suka tsara rufaffiyar hanya a Amurka, sannan a 1960 Lundberg na Suwidin ya nuna yadda za a riƙa auna matsin ba yankewa ta bututun.

Yadda aikin yake shi ne, a huda ƙoƙon kai, a zura siririn bututu zuwa kogon da ruwan ke taruwa, a haɗa shi da ma'auni da jaka a gefen gado. Ana daidaita tsayin ma'aunin da kunnen majinyaci. In an ɗaga shi ruwa ya rage fita, in an sauke ya yawaita, kuma kwarara fiye da kima ita ma haɗari ce. Wannan ne ya sa ake hana ɗan jinya tayar da majinyaci zaune ba da sanin ma'aikatan jinya ba.

3.0 Isowarta Kusa da Zango

Hausawa sun daɗe a Legas, amma isar layin dogo Kano a 1911 ta ƙarfafa zangon Agege, inda fataucin goro da shanu ya tara jama'a. Duk inda zango ya kafu kuwa wanzami na nan, ga aska, ga kaciya, ga ƙaho. A fahimtar gargajiya, nauyin kai da ciwon ƙeya aikin mataccen jini ne, maganinsa a kafa ƙaho a zuƙe shi.

Shekarar 1962 ta haɗa abubuwa biyu. A cikinta aka buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, unguwar da ita ma ta shahara da Hausawa, kuma a cikinta Latunde Odeku, wanda ya yi sakandare a Legas ya ƙware a Jami'ar Mishigan, ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Ya rasu a 1974, Adelola Adeloye ya ci gaba da aikin. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta kwamfuta, wadda aka fara amfani da ita a Ingila a 1971, ba ta iso Ibadan ba sai 1987. Kafin nan babbar shaidar tsinkewar jini ita ce a ɗebi ruwan baya a ga ya yi ja ko fatsi-fatsi. Ba abin mamaki ba ne da aka daɗe ana zaton cutar ba ta cika kama baƙar fata ba. A ganina ƙarancin kayan bincike yana da hannu a wannan zato.

4.0 Matsalar Kalma

A nan ne tarihin ya shafi masanin harshe. Idan tafinta ya ce wa dangi "za a zuƙe masa jini a kai", ya sa su a turbar ƙaho. Fa'idarsa ita ce ba za su ƙi ba, domin sun san zuƙa magani ce. Illarsa kuwa ta fi girma: wanda ya ɗauka aikin ɗaya ne zai fara da wanzami a gida, ya bar asibiti sai gobe, alhali ƙaho bai wuce fata ba, tsakaninsa da matsalar akwai ƙashi. Sa'annan jijiyar da ta fashe ta fi saurin sake fashewa a rana ta farko.

Sauran kalmomin ma kowace da inda take kaucewa. "Hawan jini" matsin jijiyoyin jiki ne, ba matsin cikin ƙoƙon kai ba, ko da yake yana cikin masu jawo fashewar. "Sanƙarau" ta yi tarayya da wannan ciwo a sandarewar wuya da ɗibar ruwan baya, musamman ga waɗanda suka ga annobar 1996 a Arewa, amma ita ƙwayar cuta ce ke kawo ta. "Shanyewar ɓarin jiki" kuwa sakamako take faɗa, ba sanadi ba. Ita kanta "ƙwaƙwalwa" takan ɗauki ma'anar hankali, ta yadda "ciwon ƙwaƙwalwa" kan sa mai ji ya zaci taɓin hankali, ya nemi ruƙiyya.

Saboda haka marubucin ya fi karkata ga "tsinkewar jini a cikin kai" ga ciwon, da "matsin cikin kai" ga abin da ake aunawa, da "magudanar ruwan kai" ga bututun. Kalmar magudana ta fi zuƙa dacewa da zahirin aikin, domin ba a jan ruwan da ƙarfi. Bambancin tsayi tsakanin kai da ma'auni ne ke sa shi gangarowa da kansa.