Asalin Gidan Ɗantata

Mutanen gidan nan Agalawa ne, fataken goro. Kakansu Baba Talatin ya taso daga ƙasar Katsina ya sauka Madobi. Ɗansa Abdullahi ya koma Bebeji, can aka haifi Alhassan cikin 1877. Uban ya rasu, uwar ta tafi Ankara, bakin teku, sai wata tsohuwa, Tata, ta rene shi. Dalilin sunan ke nan.

Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, ya kafa gida a Koki. Da jirgin ƙasa ya iso, ya kama awon gyaɗa, har ya zamana ba attajiri kamarsa. Ya rasu cikin 1955, ya bar su Ahmadu da Sanusi da Aminu. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa. To, kada a raina maraya.