Bambancin batura masu caji na na'urorin hannu marasa waya

Batura masu caji da ake sa wa wayar salula, rediyon oba-oba da makirufo mara waya sun kasu gida uku.

Na farko shi ne NiCd, wanda Waldemar Jungner ɗan ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a shekarar 1899. Yana da juriya, amma sinadarin kadmiyom da ke cikinsa guba ne, shi ya sa aka rage amfani da shi.

Na biyu shi ne NiMH. Ƙarfinsa bolt 1.2 ne kamar NiCd, sai dai ya fi shi riƙe wuta, kuma ana samunsa a girman AA da AAA. Aibinsa shi ne cajinsa kan zurare ko da yana ajiye.

Na uku shi ne batirin lithiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Ƙarfinsa kimanin bolt 3.7 ne, ba shi da nauyi, kuma shi ke cikin wayoyin zamani. Zafi yana rage masa kwana, don haka kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe. Idan ya kumbura, a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Kowane nau'i da cajarsa, kada a haɗa.