Saki da Riƙon 'Ya'ya a Ngong: Tsakanin Fada, Malamai da Kotun Garwa

A Ngong, hedkwatar gundumar Tchéboa da ke kudu da Garwa, auren Musulmi yakan ɗauru ne a gaban liman, da waliyyai da shaidu, a biya sadaki, a raba goro. Ma'aurata da dama ba sa ƙarasawa ofishin magajin gari su karɓi takardar aure. Wannan maƙala na duban abin da rashin takardar ke jawo wa mace ranar da igiya ta tsinke.

A idon hukumar Kamaru, aure shi ne wanda ya shiga rajista, ƙa'idar da dokar 29 ga Yuni 1981 ta shimfiɗa. A takardarsa ake rubuta ko miji ya zaɓi mace ɗaya ko fiye, kuma biyan sadaki ko rashinsa ba ya taɓa ingancinsa. Alƙalin kotu ne kaɗai ke raba irin wannan aure, kalmar "na sake ki" ba ta warware shi. Dokar 19 ga Disamba 1969 ta bai wa kotunan gargajiya na matakin farko hurumin aure da saki da gado, amma idan wanda ake ƙara ya ƙi su tun farko, sai magana ta koma babbar kotu, mai aiki da kundin Faransa na 1804. A 1985 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a ɗauki addinin mutum a matsayin al'adarsa.

Matar da ba ta da takarda, kotu ba ta ga auren da za ta raba ba. Sai ta nufi fada. Dokar 15 ga Yuli 1977 ta ba lamiɓe da sauran sarakuna damar sasanta mutane, kuma a nan, gaban alƙalin fada da dattawa, ake zancen idda da kayan ɗaki, da kuɗin da za ta mayar in ita ta nemi kul'i. Sulhun yana da sauri da arha, sai dai ba shi da ƙarfin hukuncin kotu in miji ya ƙi ciyarwa.

Batun 'ya'ya ya fi ciwo. Al'adar da ta zaunu a tsakanin Fulani da Hausawan yankin ita ce yaro na uba ne: da an yaye shi, ko ya ɗan tasa, sai a zo a ɗauke shi, sau da yawa ya tashi a hannun kishiyar uwarsa. Mazhabar Malikiyya, wadda malaman arewacin Kamaru ke karantarwa daga Risala, ba haka ta ce ba. Uwa ce ke da riƙon namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Sashe na 302 na kundin 1804 ma, ko da ya fifita wanda ya yi nasara a shari'ar saki, ya bar wa alƙali ikon bin maslahar yaro.

Ke nan uwar da aka ƙwace wa ɗa a Ngong ta rasa haƙƙin da fiƙihu ya ba ta ƙarara, wanda kotu ma za ta iya tabbatar mata in tana da takardar aure. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya haramta korar mace daga gidan aurenta ba bisa ƙa'ida ba, da aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, amma kundin iyali na bai-ɗaya da ake ta tsarawa tun ƙarshen shekarun 1990 har yanzu bai zama doka ba.