Maraici da Ƙiriniya: Nazarin Halayyar Agola a Gidajen Hausawan New Bell, Duwala

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yaron da mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi da shi gidan wani miji. Hujjarta ita ce, yawancin abin da ake kira taurin kai ga irin wannan yaro baƙin ciki ne da ya taso bayan manya sun gama nasu makokin.

Muhallin nazari

New Bell ta samo asali ne daga ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala da Jamusawa suka yi gab da 1914, shekarar da suka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi, ciki har da fataken Hausawa, kamar yadda Lynn Schler ta nuna a littafinta na 2008. Wannan tarihi yana da tasiri a kan maraya. A fiƙihun Malikiyya, idan uwa ta auri bare, renon yaro yakan koma ga kaka ta wajen uwa. To, a Duwala kakar nan tana iya kasancewa a Garwa ko Ngaundere ko Kano, sai a zaɓi ɗayan biyu: a tura yaro Arewa ya rabu da uwa, ko ya bi ta a matsayin agola.

Saɓanin lokaci

Al'ada ta tsara wa manya makoki: sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, sannan takabar wata 4 da kwana 10. Da an fita takaba, dangi kan soma zancen sabon aure, sau da yawa saboda kuɗin haya da na makaranta. Yaro ba ya bin wannan jadawali. Ƙananan yara ba su cika gane cewa mamaci ba ya dawowa ba sai wajen shekara 5 zuwa 7. Binciken da William Worden da Phyllis Silverman suka yi a Boston kan yara 125 ya gano cewa matsalolin wasunsu sun fi bayyana a shekara ta biyu bayan rasuwar. Ke nan, lokacin da gida ya ɗauka an wuce wurin, shi yaron a lokacin ciwon ke kama shi, ga shi kuma a ɗakin da ba na ubansa ba, cikin 'ya'yan da suka riga shi.

Daga nan fitsarin kwance ke dawowa, da faɗa a makaranta, da ƙin cin abinci, da tserewa zuwa Kasuwar Kwango. John Bowlby ya bayyana a 1980 cewa fushi sashe ne na neman wanda aka rasa. Ƙin kiran mijin uwa "Baba", wanda ake ɗauka raini ne, sau da yawa biyayya ce ga mamaci. Abin da ya fi damun mai wannan nazari shi ne kara: uwa tana jin nauyin ambaton marigayi a gaban sabon miji, sai sunan uban yaro ya ɓace daga hirar gida gaba ɗaya. Ana ce masa "yi haƙuri", ba a tambaye shi me yake tunawa ba.

Bulala a nan tana tabbatar wa yaro zarginsa cewa ba a son shi. Ya fi dacewa mijin uwa ya bar hukunci a hannun uwar a farkon zama, a bar yaro ya riƙa ziyartar baffanninsa, malamin Islamiyya kuma ya sa shi yi wa mahaifinsa addu'a da sunansa. Idan ya daina barci ko ya soma ambaton mutuwar kansa, a haɗa tofi da ganin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Laquintinie.